Tambaya da Amsa: Ɗunɗu da Sabara, Daga Lambun Gida Zuwa Fako

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru a kan magana guda, wato ƙananan itatuwan dajin Afirka masu fure, waɗanda wasu ke son kaiwa lambu domin ado, wasu kuma ke son su farfaɗo da ƙasar da ta gaji da su. Mun zaɓi shida daga cikin wasiƙun, mun taƙaita tambayoyin, sannan muka ba kowace amsa gwargwadon abin da take bukata.

Tambaya: Ina da ɗan fili a gefen gida da nake so in mayar lambun furanni, amma duk abin da na dasa sai ya bushe da zarar na yi kwana biyu ban ba shi ruwa ba. Shin akwai itace mai kyan fure da zai jure rani ba tare da ban ruwa kullum ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, akwai shi, kuma mai yiwuwa kin sha wuce shi a bakin hanya ba ki tsaya kin dube shi ba, domin da rani ba a ganin komai a jikinsa sai ƙaya da busassun rassa. Ɗunɗu nake nufi, wanda masana tsirrai ke kira Dichrostachys cinerea, ɗan dangin bagaruwa da gawo da farar ƙaya. Asalinsa na Afirka ne, tun daga yankin Sahel har Afirka ta Kudu, ana kuma samunsa a Indiya. Yawanci yakan tsaya tsakanin mita 2 da mita 5, amma inda ƙasa ta karɓe shi yakan kai mita 7.

Furensa shi ne abin kallo. Yana saukowa daga reshe a rataye kamar tuntun hula, tsawonsa kimanin na ɗan yatsa, kuma ya rabu kashi biyu da launi biyu. Rabin da ke sama, kusa da reshe, zare-zare ne masu laushi, ruwan hoda ko shunayya mai haske, waɗanda kan koɗe su koma fari idan furen ya kwana biyu. Wannan ɓangaren ba ya haihuwa, aikinsa jawo hankalin ƙwari ne kawai. Rabin da ke ƙasa rawaya ne, ya fi matsewa, kuma daga gare shi ne 'ya'ya ke fitowa, wasu kwansuna masu murɗewa da ke cukurkuɗewa su zama dunƙule guda. Furen yana da ƙamshi, ƙudan zuma na zuwa gare shi sosai, kuma yakan fito ne tare da sabon ganye daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina.

Dalilin da ya sa yake jure abin da ke kashe furannin da kika saya yana ƙarƙashin ƙasa. Yawancin furannin ado da ake reno a leda sun fito ne daga wurare masu laima, saiwarsu a sama-sama take, ƙasa na bushewa su ma su bushe. Ɗunɗu kuwa yana tura uwar saiwarsa can ƙasa, ya kuma watsa wasu saiwoyin a gefe zuwa nesa, sannan idan rani ya tsananta sai ya zubar da ganye ya rage bukatarsa ta ruwa. Saboda haka ki sani tun yanzu cewa akwai watannin da zai tsaya tsirara, kuma wannan ba alamar mutuwa ba ce. Ban ruwan da yake bukata na ranin farko ne kawai, sau ɗaya a mako, amma a jiƙa ƙasar ta jiƙu har ciki, domin yayyafin kullum yana koya wa saiwa zama a sama.

Sai dai ba zan ɓoye miki aibinsa ba. Ƙayarsa ƙarshen ƙananan rassa ce da ta yi tsini ta taurare, har wani lokaci akan ga ganye ya fito a jikinta, kuma tana da ƙarfin huda takalmi, kai har da tayar mota. Kada ki sa shi inda yara ke wasa ko kusa da hanyar shiga, ki kai shi kusurwa ko jikin shinge inda rana ke samunsa yini guda, kuma ki nisanta shi da harsashin gini da bututun ruwa. Idan ƙaya ce ba ki so ko kaɗan, ki nemi runhu, wanda ke cika da fure rawaya da rani lokacin da sauran itatuwa suka yi fayau, ko gauɗe mai farin fure da ƙamshi, wanda furensa kan rikiɗe ya koma rawaya kafin ya faɗi. Kariya ma tana da jan fure mai ban sha'awa kuma ba ta damu da ruwa ba, amma ruwan jikinta guba ne mai taɓa zuciya, don haka ba na ba da shawararta ga gidan da ke da ƙananan yara ko dabbobi.

Tambaya: Na tsinko 'ya'yan ɗunɗu na shuka a leda, na yi ta ba su ruwa fiye da wata guda, amma abin da ya tsiro bai taka kara ya karya ba. Irin ne ya lalace ko kuwa akwai abin da ban yi daidai ba? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam, da wuya a ce irin ya mutu, barci yake yi. Ƙwayar ɗunɗu ƙarama ce, ruwan ƙasa, mai sheƙi, kuma ɓawonta ya yi taurin da ruwa ba ya ratsa shi. A daji wannan garkuwa ce, domin tana hana dukkan irin tsirowa a kan ruwan farko wanda sau da yawa fari ke biyo bayansa. Ƙwaya takan kwanta a ƙasa har sai zafin rana da sanyin dare, ko wucewar wuta, ko bi ta cikin hanjin dabba sun raunana ɓawon. Mai reno ba shi da wannan lokacin, sai ya yi wa irin da hannu abin da daji ke yi masa a hankali.

Ka fara da tsinko kwanson da ya bushe a kan itace ya koma ruwan ƙasa mai duhu, domin wanda ya daɗe a ƙasa galibi ƙwari sun riga ka. Kwanson ba ya fashewa da kansa, sai an daka shi a hankali an sheƙe. Ka duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ka ga ɗan rami zagayayye a jikinta, ƙwaro ya cinye cikinta ya fita, ka zubar. Sannan ka tafasa ruwa, ka sauke shi daga wuta, ka zuba a kan irin, ka bar shi ya huce a haka har tsawon sa'a 24. Kada ka dafa irin a kan wuta, domin hakan kashe shi yake yi. Washegari za ka tarar wasu ƙwayoyin sun kumbura sun yi laushi, launinsu ya ɗan washe, waɗannan su ne suka sha ruwa, ka shuka su a ranar, kada ka bari su sake bushewa. Waɗanda suka ƙi kumbura kuma ka ɗauke su ɗai-ɗai ka goga gefensu a kan dutse mai kaushi, ko ka ɗan ɓantari ɓawon da abin yanke farce, daidai gwargwadon da za ka hango hasken ciki, a gefen da ke nesa da cibiyar ƙwayar, sannan ka sake jiƙa su a ruwan sanyi su kwana. A ɗakunan bincike akan yi amfani da asid mai ƙarfi don wannan aiki, amma abu ne mai haɗari da bai dace da gida ko makaranta ba.

Ƙasar leda ta zama kashi biyu rairayi, kashi ɗaya taki ruɓaɓɓe, kuma a huda ledar daga ƙasa don ruwa ya riƙa fita. Zurfin shuka kada ya wuce santimita 1. Irin da aka yi wa wannan shiri yakan fara leƙowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ya fi kashe tsiro a wannan mataki yawan ruwa ne: za ka ga tsiron ya siranta daga gindi, ya yi baƙi, ya kwanta. Ka kuma riƙa ɗaga ledojin kana sauya musu wuri duk bayan mako biyu, in ba haka ba uwar saiwa za ta fasa leda ta shige ƙasa, ranar dashe kuma dole ta tsinke. Wata uku zuwa huɗu sun isa reno, saboda haka ka lissafa baya daga lokacin da damina ke kankama ka san ranar da za ka shuka.

Akwai wani abu da masu tara iri kan manta. Tun da ɗunɗu yana yaɗuwa ta saiwa, kurmi guda mai itatuwa da yawa yana iya kasancewa tsatson uwa ɗaya ne kacal. Idan don aikin gyaran ƙasa kake tara irin, ka tsinko daga kurmi daban-daban masu tazara tsakaninsu, kuma daga yankin da ruwan samansa da ƙasarsa suka yi kama da inda za ka dasa.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta matasa ta samu wani fako da ko ciyawa ba ta fitowa a kansa. Mun dasa bishiyoyi a damina biyu a jere, duka suka mutu. An ce mu gwada ɗunɗu. Zai yi? Daga sakataren wata ƙungiya.

Amsa: Zai iya yi, amma idan kuka dasa shi yadda kuka dasa na baya, shi ma zai bi su. Matsalar fako ba ta rashin ruwan sama ba ce kaɗai, ruwan ne ba ya shiga. Saman ƙasar ya daskare ya zama ɓawo, ruwa na sauka ya gangara ya tafi da ɗan abin da ya rage na ƙasa mai kyau, ya bar ƙarƙashin a bushe ko da an kwana ana tafka ruwa. Ku gwada da kanku: bayan an yi ruwa mai ƙarfi ku sa diga ku haƙa, za ku ga iyakar inda danshi ya tsaya, sau da yawa bai kai tsawon tafin hannu ba. Don haka aikin farko na tare ruwa ne, kuma da rani ake yinsa, tun kafin a yi maganar dashe.

Hanyar da ta fi karɓuwa a Nijar da Burkina Faso ita ce rabin wata. Akan zana rabin da'ira mai faɗin mita 2 zuwa 4, bakinta na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a haƙe cikinta zurfin santimita 15 zuwa 25, a tara ƙasar da aka haƙo a bayanta ta zama kunya, a daddanne ta. Layukan suna bin kwanciyar ƙasa ne, kuma ana saɓa su, ta yadda ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu na sama zai faɗa cikin na ƙasa. Inda filin ba shi da gangara sosai, tassa ta wadatar, wato ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 40 da ake zuba wa taki. Wannan ita ce dabarar da Yacouba Sawadogo, manomin nan na yankin Yatenga a Burkina Faso wanda ya rasu a 2023, ya inganta tun wajen 1980 har ya mayar da busasshen fili daji. Takin yana da aiki biyu: yana ciyar da tsiro, yana kuma jawo gara, ita kuwa gara tana huda ƙasa da hanyoyinta, ruwa ya bi ta nan ya sauka. Manomi ya saba ganin gara a matsayin abokiyar gaba, amma a kan fako tana cikin ma'aikatan da suka fi amfani, muddin akwai busasshiyar ciyawa da taki da za ta ci.

A irin wannan wuri ne ɗunɗu ke nuna amfaninsa. Idan kuka tono ƙaramin tsiro kuka wanke saiwarsa a hankali, kuna iya ganin wasu 'yan ƙullutai manne da ita; a cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin tsiro, abin da ya sa yake rayuwa a ƙasar da ta talauce. Ganyen da yake zubarwa yana ruɓewa a gindinsa, rassansa masu ƙaya suna tare ƙura da irin ciyawa da iska ke ɗaukowa, kuma dabba ba ta iya kai baki ƙarƙashinsa, shi ya sa ciyawar farko da za ta dawo fako takan fito ne a inuwar irin waɗannan itatuwa. Saiwoyinsa na gefe kuma suna ɗaure bakin kwazazzabo inda ƙasa ke zaizayewa.

Ku yi dashe bayan damina ta zauna, da yamma, a ƙasar da ta jiƙu sosai. Ku yanke gindin ledar da reza kimanin santimita 2 don cire saiwar da ta nannaɗe, ku tsaga ledar ku zare ta ba tare da ƙasar ta wargaje ba, ku dasa a gefen ramin kusa da kunya, ba a tsakiya inda ruwa ke kwanciya ba. A kan kunyar ku watsa irin gamba don ta riƙe ta. Kuma kada ku cika filin da ɗunɗu shi kaɗai: geza ta fi son wuri mai tsakuwa da marmara, kalgo yana son kwari inda ruwa ke taruwa, sabara ta jigawa ce, aduwa da magarya kuma suna jure wahala kusan ko'ina.

Abin da ya rage shi ne tsaro, kuma a ganina nan ne yawancin ayyukan dashe ke faɗuwa. Ɗunɗu ƙarami bai yi ƙayar da za ta kare shi ba tukuna, akuya kuwa tana son ganyensa. Ku yi shinge ko ku daidaita da masu kiwo tun kafin ku dasa, ku kuma share ciyawa a kewayen filin da kaka saboda gobara. Kada ku ƙirga nasara ranar dashe, ku ƙirga abin da ya rage a raye bayan rani na biyu.

Tambaya: Na karanta cewa ɗunɗu ya zama annoba a ƙasar Kyuba. Ta yaya za ku ba mutane shawarar shuka abin da wata ƙasa ke kuka da shi? Daga wani ɗalibin aikin gona.

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne, kuma tambayarka tana kan hanya. An kai ɗunɗu Kyuba a ƙarni na 19, inda suke kiransa marabu. Ya daɗe yana yaɗuwa, amma abin ya ta'azzara ne bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da noman rake ya durƙushe aka bar gonaki masu yawa ba nomawa. An ƙiyasta cewa ya mamaye kusan hekta miliyan 1.7, kurmi mai ƙaya da mutum ko saniya ba sa iya ratsawa. Daga baya mutanen ƙasar suka koma yin gawayi da shi, saboda iccensa yana da nauyi kuma yana daɗewa yana ci, har ma a Janairun 2017 tan 40 na gawayin marabu ya zama kaya na farko da Kyuba ta sayar wa Amurka bisa doka cikin fiye da shekara 50.

Bambancin shi ne, a Afirka ɗunɗu ya taso tare da masu taka masa birki. Akwai ƙwarin da ke cinye irinsa tun yana kwanso, akwai raƙumin dawa da giwa da barewa da awaki da ke cin ganye da 'ya'yansa, akwai wutar daji da ke ƙone ƙananan tsirrai, akwai kuma ciyawa mai ƙarfi da ke gasa da shi wajen ruwa. Da ya tsallaka teku sai ya bar mafi yawan waɗannan a baya, ya tarar da ruwan sama mai yawa da gonakin da aka yi watsi da su.

Duk da haka, zama ɗan gida bai wanke shi gaba ɗaya ba. A Namibiya da Afirka ta Kudu yana cikin itatuwan da ke cinye makiyaya idan shanu suka yi yawa suka ƙare ciyawa, domin idan ciyawa ta tafi babu mai gasa da shi, babu kuma abin da wuta za ta ci ta rage shi. Shi ya sa ban ce a dasa shi ko'ina ba. Wurinsa shi ne fako, da bakin kwazazzabo, da shingen gona, da kusurwar lambu inda ido ke kansa. Ba a sa shi a tsakiyar gona mai kyau ko makiyayar da ciyawarta ke nan lafiya, ba a kuma aika irinsa wata nahiya. Mai lambu ya sani cewa duk inda fartanya ta sari saiwarsa, nan sabon toho zai fito, don haka a guji yin noma mai zurfi a gindinsa, a riƙa tuge tohon tun yana ɗanye, a kuma tsinke kwanson kafin ya zuba idan ba a bukatar iri.

Labarin yana da ɗaya fuskar, kuma mu ya fi shafa. An shigo da wani itace mai suna Prosopis juliflora daga nahiyar Amurka zuwa busassun yankunan Afirka da niyyar tare hamada, sai ya mamaye makiyaya da bakin ruwa a Baringo ta Kenya da yankin Afar na Habasha. A 2006 al'ummar Ilchamus ta Baringo ta kai gwamnatin Kenya kotu a kansa, har suka gabatar da akuyar da haƙoranta suka zube saboda cin 'ya'yan itacen. Da an fara duba itatuwan da ke yankin tun asali, da wataƙila ba a kai ga haka ba.

Tambaya: Na sa ɗunɗu a babbar tukunya, yana ta ganye shar amma ya ƙi fure. Me zan ƙara masa? Daga wata ma'aikaciya.

Amsa: Hajiya, ragewa za ki yi, ba ƙari ba. Itacen da ke samar wa kansa naitirojin, idan aka ƙara masa takin zamani irin su yuriya, sai ya zuba ƙarfinsa duka a ganye. Ki daina ba shi, ki fitar da tukunyar inda zai sha rana aƙalla sa'a 6 a yini, ki kuma rage ruwa da hunturu har ya zubar da ganye ya huta, domin wannan hutun yana cikin abin da ke shirya shi yin fure. Idan za ki rage masa rassa, ki bari sai bayan ya gama fure. In kuma daga iri kika rene shi kuma bai daɗe ba, to ƙuruciya ce kawai, haƙuri za ki yi. Zaman tukunya ba ya cutar da shi. Masu fasahar rena manyan itatuwa a ƙaramin kasko, wadda ta shahara a Japan, suna son sa saboda ƙananan ganyensa.

Tambaya: Gonata cike take da kututturen sabara. Kowace shekara ina sassabe ta in ƙone, kowace shekara ta dawo. Ina so in tuge ta gaba ɗaya in dasa itatuwan kirki. Wace hanya ce ta fi sauƙi? Daga wani manomi.

Amsa: Alhaji, ina roƙonka ka ajiye gatarin tukuna, domin abin da kake shirin tugewa ya fi abin da za ka dasa daraja. Sabara, wato Guiera senegalensis, 'yar dangin geza da marke ce, tana nan daga Senegal har Sudan, mai ganye toka-toka da 'yan ɗigo baƙaƙe a jikinsa, da ƙananan furanni rawaya a dunƙule, da 'ya'ya masu gashi mai laushi. Dawowar da take yi duk shekara alama ce ta saiwar da ta riga ta kai ga danshin ƙasa mai zurfi, abin da sabon dashe zai shekara da shekaru bai cimma ba, in ma ya rayu.

Masu bincike a Senegal sun gano cewa da dare, lokacin da ganye ya daina fitar da ruwa, saiwar sabara tana jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi ta saki wani ɓangarensa a busasshiyar ƙasar sama. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an ba saiwoyinta na ƙasa ruwa mai alama ta musamman, sai aka tarar da alamar a jikin geron da ke kusa da ita cikin 'yan kwanaki, kuma a lokacin da aka hana filin ruwa, geron da ke tare da sabara ya yi wa wanda ba ya tare da ita fintinƙau. Ƙari a kan haka, tana tare rairayin da iska ke kwashewa, shi ya sa za ka ga gindinta ya ɗan yi tudu, kuma shukar da ke wurin ta fi kore. Ƙonawar da kake yi ita ce asarar. Da za ka daddatsa rassan da ganyen ka shimfiɗa su a gonar kafin shuka, da sun ruɓe sun koma taki.

Wannan tunani ne ya sauya fuskar kudancin Nijar. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da ganin dashe na mutuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa a gonaki toho ne na kututturen da ke raye. Manoma suka ɗauki dabarar renon tohon, wadda ake kira sassabin zamani, ta bazu daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Rinaudo da Sawadogo duka sun samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Yadda ake yi ba wuya. A kowane kututturen da ka zaɓa, ka duba tohon da suka fi miƙewa da ƙarfi ka bar kamar uku zuwa biyar, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa daga ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce haka don kada su yi siriri iska ta karya su. Addarka ta kasance mai kaifi, kuma ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama, domin saran da ya sauko daga sama yana tsage reshe ya ɓare ɓawo, ciwon ya daɗe bai warke ba. Ka ɗaura ɗan ƙyalle a jikin waɗanda ka bari don masu neman icce su san da mai su, ka riƙa komawa duk bayan 'yan watanni kana cire sabon tohon da ba ka so. Idan inuwa ce kake tsoro, sabara tana jure a sare ta har ƙasa a farkon damina ta sake fitowa bayan girbi, saboda haka kana iya renon wasu su girma a iyakar gona, na tsakiya kuma ka riƙa sarewa kana shimfiɗa ganyen.

Inda kuma take da ƙaranci kana son ƙari, ba sai ka nemi iri ba. Da damina ka zaɓi reshe matashi mai lanƙwasuwa da ke kusa da ƙasa, ka kwantar da shi a ɗan rami, ka rufe tsakiyarsa da ƙasa mai danshi, ka danne da dutse ko ƙugiyar icce, ka bar kansa a waje yana kallon sama. Wurin da aka binne zai fitar da saiwa tasa, amma kada ka yi gaggawar raba shi da uwar. Ka bar shi ya ƙetare rani yana sha daga gare ta, sai damina ta gaba ta zauna ka yanke tsakaninsu.